Makaranta za ta auna nauyin yara: in yarda?

'Yar'uwa, kin ce makarantar ɗanki a Sabon Gari ta aiko takarda za a auna nauyi da tsawon ɗalibai a turo wa iyaye sakamako, kina tambaya ko ki sa hannu. Ni dai na ce ki sa, amma da sharaɗi.

Abin ba sabo ba ne. Jihar Arkansas ta Amurka ta fara aika wa iyaye irin wannan rahoto bisa dokar 2003, a Ingila ma ana auna yara 'yan shekara 4 zuwa 5 da 'yan 10 zuwa 11, kuma iyaye na da damar ƙin yarda. Can ƙiba suke fargaba. Mu nan Zariya, rama da tsumburewa sun fi damunmu, kuma uwa da ke ganin yaro kullum ba lalle ta lura ya daina girma ba.

Sharaɗin shi ne sirri. Ki tambayi shugaban makarantar: wa zai auna, a ina, wa zai ga sakamakon? Kada a ɗora yaro kan sikeli gaban 'yan ajinsu, kin san bakin yara, sai a laƙaba masa suna har ya gama firamare. Takardar kuma ta zo hannunki a rufe.

Sannan lambar ba hukunci ba ce. Ana gwada ta ne da shekarun yaro da jinsinsa. In ta ba ki tsoro, kada ki rage masa abinci da kanki, ki kai shi asibitin koyarwa na Shika ko cibiyar lafiya mafi kusa a sake aunawa.