Hoton ƙashi ya fito lafiya, amma gwiwa ba ta daina ciwo ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Alhaji, na saurari saƙonka. Ka ce yaronka ya murɗe gwiwa a wajen ƙwallo yau mako uku, an yi hoton ƙashi an ce babu karaya, amma har yanzu tana kumbura, in zai sauko daga bene sai ta kwace masa kamar zai faɗi. Kana tambaya ko hoton ne bai yi kyau ba, kuma tsakanin manyan na'urorin hoton cikin jiki, siti-sikan da em-ar-ai, wanne ya kamata a yi. Allah Ya ba shi lafiya. Zan ɗan ja maganar, a yi haƙuri, don na ga Hajiya ma ta yi tambaya a kan ciwon baya.

To, hoton bai yi ƙarya ba. Eksire, wato hoton ƙashin, inuwa ce kawai ake ɗauka. Haske ne mai ratsa jiki ake harbawa ya faɗa kan faranti a ɗaya gefen. Ƙashi yana da kalsiyam, yana tare hasken, sai ya fito fari. Iska ta fito baƙa. Tsoka da jijiya da guringuntsi kuwa duk sai su fito toka-toka, a cakuɗe, ba ka iya raba wannan da wancan. Tun 1895 da Wilhelm Rontgen ya gano wannan haske a Jamus an yi ta gyara na'urar, amma yadda take aiki bai canza ba. Saboda haka in an ce maka hoton ƙashi lafiya lau, abin da ake nufi shi ne ba a ga karaya ko gocewa ba. Ba a ce gwiwa lafiya take ba.

A tsakiyar gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, su ke hana ƙwauri zamewa gaba ko baya. Akwai kuma guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, suna zaune tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri. Alhaji, ka tambayi yaron abu uku. Ya ji ƙara, kamar abu ya tsinke, a lokacin da ya murɗe? Kumburin a cikin awa ɗaya ko biyu ya taso, ko sai washegari? Kuma gwiwar tana sarƙewa, ta ƙi miƙewa gaba ɗaya? Ƙara tare da kumburi nan take yawanci jini ne ya taru a gaɓar, hankali ya fi karkata ga tsinkewar ta gaba a cikin jijiyoyin nan biyu. Kumburin washegari da sarƙewa ya fi kama da tsagewar guringuntsi. Ko ɗaya daga cikinsu eksire ba ya nunawa.

Amma kafin a kai ga na'ura, likitan ƙashi ya taɓa gwiwar da hannunsa. Zai kwantar da yaron, ya lanƙwasa gwiwar kaɗan, digiri 20 zuwa 30, ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ya jawo ƙwauri gaba da ɗayan, ya ji ko akwai abin da ya tare shi ko kuwa ya tafi sakaka. Sannan ya gwada da lafiyayyar ƙafar. Wannan gwajin shi ke faɗa wa mai ɗaukar hoto abin da ake nema. Takardar da aka rubuta "ciwon gwiwa" kawai a kanta, ita ce ke jawo rahoton da ba ya amfanar kowa.

Siti-sikan ba zai biya muku buƙata ba a nan. Mutane suna ɗauka tunda ya fi girma ya fi gani, alhali shi ma eksire ne, sai dai bututun hasken yana zagaya jiki, kwamfuta ta haɗa hoton yanka-yanka, kowane yanki kaurinsa milimita ɗaya ko ƙasa da haka. Gwanintarsa a ƙashi take: karayar da ta shiga cikin gaɓa, ƙashin ƙugu, ƙashin baya bayan hatsari, ƙashin diddige da ya farfashe, inda mai tiyata yake son ya ƙirga guntayen ya san inda zai ɗaura ƙarfe. Cikin 'yan daƙiƙoƙi an gama. Sai dai radiyeshan ɗinsa, wato hasken nan mai ratsa jiki, da yawa. Hoton yatsa ko ƙafa da eksire bai wuce milisibat (ma'aunin radiyeshan) 0.001 ba, siti-sikan na ƙashin baya kuwa yana kai wajen 6, alhali abin da mutum yake sha daga ƙasa da sararin sama a shekara guda, a matsakaicin lissafin duniya, wajen 2.4 zuwa 3 ne. Ba abin firgita ba ne in da dalili, amma ba a yi wa yaro shi don kawai a kwantar da hankalin iyaye.

Em-ar-ai shi ne na irin wannan gwiwa. Babu radiyeshan a cikinsa ko kaɗan. Maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske, yawanci tesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) 1.5 ko 3, yana karanta ruwa da kitsen da ke cikin nama. Duk inda aka ji rauni ruwa yana taruwa, shi ya sa jijiyar da ta tsinke, guringuntsin da ya tsage, har ɓargon ƙashi da ya bugu, duk suna fitowa. Za a kwantar da shi, a rufe gwiwar da wani abin karɓar sigina, a tura shi ta ƙafa, yawanci kansa yana waje. Minti 20 zuwa 40. Ba hoto ɗaya ba ne, jeri-jeri ne, kowane jeri 'yan mintuna, in ya motsa a tsakiyar jeri sai an sake shi daga farko. Na'urar tana da ƙara sosai, za a ba shi abin toshe kunne, kada ya ƙi sawa.

Ku saurara da kyau a nan. Maganaɗisun nan ba a kashe shi, ko babu mara lafiya a ciki yana aiki, dare da rana. Makulli, almakashi, tukunyar iskar oksijin, keken marasa lafiya na ƙarfe, duk yana iya fizge su da ƙarfin da zai raunata mutum. Katin banki kuwa sai ya goge shi. Wanda aka sa wa na'urar bugun zuciya, ko na'urar ji a cikin kunne, ko ƙarfen matse jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, ko mai walda da maƙerin da ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, ko mai harsashi a jiki, dole ya faɗa kafin ya taka ƙofar ɗakin. Ƙarafan ɗori na zamani, musamman na titaniyam, yawanci ba sa hana hoto, sai dai suna ɓata wajen da ke kusa da su. A zo da takardar aikin in akwai.

Akwai kuma inda ƙashin kansa ya karye amma eksire na ranar farko bai gani ba. Misali, mutum ya faɗi ya dafa ƙasa da tafin hannu, yana jin zafi a ɗan ramin nan na gindin babban yatsa. Akwai ƙaramin ƙashi a wuyan hannu da tsagewarsa ke ɓuya. Ƙa'ida ita ce a ɗaure hannun kamar an tabbatar ya karye, a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14, lokacin bakin tsagar ya ɗan ci ya fito fili, ko a yi em-ar-ai tun da wuri. Dalili, jinin da ke ciyar da ƙashin ta gefen yatsu yake shiga ya komo baya, in an bar shi a matsayin targaɗe ɓangaren sama yana iya mutuwa. Haka tsoho ko tsohuwa da suka faɗi suka kasa taka ƙafa: ko eksire na ƙugu ya fito lafiya, ba a sallamar su a kan haka. Ƙwayar cuta a cikin ƙashi ita ma tana yin mako biyu kafin ta nuna, don sai ƙashi ya rasa kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na sinadarinsa kafin ido ya ga ramin. Masu sikila da ke ɗingishi ko ciwon matsematsi, kan ƙashin cinyarsu yana iya fara mutuwa eksire bai ce komai ba, em-ar-ai ke kama shi tun kafin ya lotsa.

Eksire ɗin ma akwai mai kyau akwai na jeka-na-yi-ka. Aƙalla fuska biyu ake ɗauka, ta gaba da ta gefe, don karaya tana iya ɓuya a ɗaya ta fito a ɗaya. In dogon ƙashi ne, gaɓar sama da ta ƙasa su shiga hoton. In amosanin gwiwa ake nema a babba, a tsaye ake ɗauka, nauyin jiki a kai, don a kwance tazarar gaɓar tana buɗewa ta yi kamar lafiya. A yara kuma akwai layin girma a bakin ƙashi, wanda bai saba ba sai ya ce karaya ce.

Sikanin mai aiki da sauti, wanda aka fi sani da duba juna biyu, shi ma yana da aiki babba a nan, kuma ana raina shi. Jijiyoyin kafaɗa, agara, ruwa ko mugunya a gaɓa, ƙullutu a ƙarƙashin fata, ƙaya ko sartsen itace da eksire ba ya gani, ƙugun jariri kafin wata shida, duk nasa ne. Yana da abin da sauran ba su da shi: ana motsa gaɓar ana kallo. Amma sautin ba ya ratsa ƙashi, don haka tsakiyar gwiwa ta fi ƙarfinsa, kuma kyawun sakamakon yana hannun mai riƙe da na'urar.

Hajiya, ke kuma naki akasin na Alhaji ne. Kin ce bayanki ya riƙe kwana biyar, kina son a yi em-ar-ai. Ni dai ban ba ki shawara ba. Yawancin ciwon baya yana lafawa cikin mako huɗu zuwa shida, kuma na'urar tana gani fiye da kima. Wani nazari na 2015 da ya tattara hotunan mutanen da ba sa jin ciwon komai ya samu faifan tsakanin ƙasusuwan baya ya bulluƙo a kashi 30 cikin ɗari na 'yan shekara 20, da kashi 84 na 'yan shekara 80. Kin ga ana iya rubuto miki rahoto mai ban tsoro a kan abin da ba shi ne ke miki ciwo ba, ki daina motsi, ciwon ya ƙaru. Inda ba a jira shi ne in fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba da sani ba, ko bayan gida ya kufce, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓi, ko ƙafa tana rasa ƙarfi. Wannan a ranar ake zuwa asibiti, ko da tsakar dare ne. Zazzaɓi, rama ba dalili, gumin dare, tarihin ciwon daji ko tarin fuka, ko faɗuwa a mai shekaru, su ma suna sa a yi hoto da wuri.

Mai juna biyu, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa kafin eksire ko siti-sikan. In an ce za a yi allurar ruwan da ke haska hoto, mai ciwon ƙoda da wanda allurar ta taɓa yi wa borin jini su sanar, a duba aikin ƙodar tukuna. Hoton gwiwa irin na rauni yawanci ba ya buƙatar allurar, ba kuma a hana cin abinci kafinsa. Duk wanda zai je, ya tafi da tsofaffin hotunansa, faifan ko fim ɗin kansa, ba rahoton kaɗai ba, don mai tiyata zai so ya gani da idonsa, likitan hoto kuma da tsohon yake gane ko abu sabo ne ko ya daɗe a wurin. Wassalamu alaikum.