Muna na 14 a jadawali, me ya sa ake cewa ba mu da tabbacin gurbi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a wata jami'a a Amurka, shekara biyu ke nan ina bin wasan hoki na ƙanƙara. Ƙungiyar makarantarmu ce ta 14 a jadawalin USCHO, wani shafin labaran hokin jami'o'i, kuma ƙungiya 16 ake ɗauka a gasar NCAA, wato gasar cin kofin ƙasa ta jami'o'i. Amma ana ta cewa za a iya barin mu don kwamitin gasar ya fi son manyan makarantu. Hankalina ya tashi. Gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ana iya barin ku, amma ba don son kai ba.

Cikin gurbi 16 ɗin, 6 na zakarun rukunoni ne: Big Ten, Hockey East, ECAC, NCHC, CCHA da Atlantic Hockey America. Duk wanda ya ci kofin rukuninsa a watan Maris ya shige, ko da shi ne na 30 a ƙasa. Sauran 10 kuma lissafi ke raba su. Zakaran Atlantic yawanci daga wajen 16 na farko a wannan lissafin yake fitowa, saboda haka na 16 ya riga ya rasa. In aka samu ba-zata a wasu rukunoni biyu, na 15 da na 14 ma sun bi shi.

Sai dai babban abin da ya dame ni shi ne jadawalin da kake kallo. Wallahi na gaji da maimaita wannan magana duk shekara. Jadawalin USCHO ƙuri'a ce ta kociyoyi da 'yan jarida, kowa ya faɗi ra'ayinsa a farkon mako. Ba ya ba kowa gurbi, ba ya hana kowa. Shekara da shekaru an yi amfani da wani lissafi ne mai suna PairWise wajen raba gurbin, wanda yake gwada ƙungiyoyi biyu-biyu: yadda suka kwashe tsakaninsu, yadda suka yi da abokan karawa ɗaya, da kuma ƙarfin waɗanda kowa ya fuskanta. Daga kakar 2025-26 aka maye gurbinsa da NPI, shi ma lissafi ne tsagwaronsa, nasara a gidan wani ta fi ta gida nauyi, doke mai ƙarfi ya fi doke mai rauni. Amma sai ka ga wani a Facebook, bai taɓa buɗe lissafin ba, yana rantsuwa cewa an zauna a ɗaki an zaɓi masu kuɗi. Yara su ɗauka, su zagi mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Na sha ganin iyayen 'yan wasa sun biya kuɗin jirgi da masauki saboda ƙuri'ar nan, a ƙarshe kuɗin ya bi ruwa. Wannan yana ƙona mini rai.

Aikin kwamiti ya fi yawa wajen raba ƙungiyoyin zuwa filaye huɗu, ya guje wa haɗa 'yan rukuni ɗaya a wasan farko, ya ajiye makaranta mai masaukin baƙi a filinta. A nan kam ana iya yin ƙorafi.

In kun shiga ko a ƙarshen layi ne, kada ka karaya. A 2013 Jami'ar Yale ce ta ƙarshe da lissafi ya shigar, ta kuma doke Jami'ar Quinnipiac 4-0 a wasan ƙarshe a Pittsburgh. Yanzu dai ka duba matsayinku a NPI, ka kuma yi fatan manyan kowane rukuni su ci kofinsu.