Yadda makiyayar shanu ta koma gari a Texas

Malam, ka tambaya ko da gaske akwai garuruwan Amurka da asalinsu filin kiwon mutum ɗaya ne. Akwai su da dama, amma bari na ba ka labarin Kingsville a kudancin jihar Texas.

Richard King matuƙin jirgin ruwa ne a kogin Rio Grande. A 1853 ya sayi fili a bakin rafin Santa Gertrudis ya zuba shanu, har ya je Meziko ya kwaso makiyaya da iyalansu suka tare a wurin. Ya rasu a 1885, dukiyar ta koma hannun matarsa Henrietta, Robert Kleberg kuma, wanda daga baya ya zama surukinta, ya riƙa kula da ita.

Abin da ya hana wurin cika da jama'a shi ne ƙishirwa. Sai a 1899 aka haƙa rijiya mai zurfi, ruwa ya ɓulɓulo da kansa. Daga nan Henrietta ta ware fili don layin dogo da sabon gari, wato Kingsville, jirgin ƙasa ya iso ranar 4 ga Yuli, 1904. Ni a ganina ba kyauta zalla ta yi ba, lissafi ne: shanunta sun samu hanyar kasuwa, filayenta kuma suka yi tsada. Ta kuma gindaya sharaɗi a takardun filayen cewa ba za a sayar da giya ba.

Haka Burbank ta Kalifoniya, filin tumakin wani likitan haƙori ne, David Burbank, kafin a yanka shi fuloti-fuloti a 1887.