Kafin ka ɗaure noti na gaba, nemo littafin mai duba motar

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce shasin nan mai siffar Lotus Seven, ƙaramar motar gudun nan mara rufi, da ka yi oda ya iso, ka kuma samu tsohuwar Mazda MX-5 da za ka ciri inji da giyabos daga jikinta, amma kanka ya ɗaure. Wannan ya ce maka kaza, wancan ya ce ba haka ba ne, shi ne kake tambaya maganar wa za ka kama don motar ta samu izinin hawa titi a nan Ingila.

Kada ka kama ta kowa, har da tawa. Akwai littafi guda da ma'aikacin da zai duba motarka yake aiki da shi, kuma ba a ɓoye yake ba. Hukumar DVSA, mai kula da binciken lafiyar motoci, ce ta fitar da shi, yana nan kyauta a shafin gwamnati na gov.uk. Ka nemi littafin IVA, binciken da ake yi wa mota ɗaya-ɗaya kafin a ba ta izinin hawa titi, na rukunin M1, wato ƙananan motocin ɗaukar mutane. Ka duba ranar da aka sabunta shi, don ana yi masa gyara lokaci zuwa lokaci. Ka buga shi a takarda, ka ajiye kusa da akwatin sifanu, ya sha baƙin mai kamar sauran kayan aiki.

Abin da ya sa bakin mutane ya rabu shi ne kowa da zamanin da ya yi tasa motar. Dattijon nan da ya ce maka ai ba wuya, a ƙarƙashin tsohon tsarin bincike na SVA motarsa ta wuce, wanda IVA ta gaje shi a 2009. Ba ƙarya yake yi ba, labarin da ne. Wasu kuma a intanet dokar Amurka ko Ostireliya suke faɗa ba tare da sun ce daga ina suke magana ba. Ko Ireland ta Arewa ma hukumarta daban, DVA. Duk wanda ya ba ka shawara, ka tambaye shi a wane sashe na littafin take. In ya fara kame-kame, ka yi masa godiya ka wuce.

Bari in ba ka labarin kaina. Motar farko da na kai, na yi wata da watanni a kan inji, yana tashi bugu ɗaya, ina ji da kaina. Mai duba motar ko kallon injin bai yi ba da farko. Sai ya ɗauko wata ƙwallo mai faɗin milimita 100 ya fara gangara ta a jikin motar, daga hanci zuwa ƙafafun gaba. Duk inda ƙwallon ta taɓa, sai ya kara wani ɗan ma'auni ya ga ko bakin wurin ya kai lanƙwasar milimita 2.5. Kawunan notocin da ke riƙe da shakazoba tsirara na bar su. Nan ya fara rubutu. Ya shiga ciki da wata ƙwallon, ita milimita 165 ce, kamar kan mutum, ya bi dashbod da ita. Makunnan fitilu da na saya saboda ƙyalli, su ma suka shiga takarda. Rashin hulunan roba na 'yan kwabbai da ake rufe kan noti da su ne ya mayar da ni gida da mota a kan tirela, alhali duk wannan yana rubuce a littafin da ban karanta ba.

Sai ka san cewa ba gudu ko kyau ake dubawa ba. Ana duba abin da zai faru da mai tafiya a ƙasa in ka buge shi, da abin da zai faru da kai in ka bugi wani abu. Za a hau da motar kan na'ura a gwada birki, a tabbatar na baya ba zai riga na gaba kamawa ba. Agogon gudu ba a yarda ya nuna ƙasa da ainihin gudun da kake ba. Za a kara na'urar jin ƙara kusa da bakin salansa, iyakarka 99 a ma'aunin desibel, saboda haka ka manta da waccan salansar mai tada unguwa. Sitiyari kuma dole ya nuna alamar komawa tsakiya da kansa bayan an sha kwana. Bututun mai da na birki da wayoyi, kowanne a ɗaure shi yadda ba zai gogi ƙarfe ba.

Maganar hayaƙi ita ce ta fi shafarka yanzu, tun kafin ka cire injin daga Mazdar. Da shekarun injin ake auna hayaƙinsa, kuma kai ne za ka kawo shaidar shekarun. In babu shaida, ma'auni mai tsanani za a ɗora maka. Ka ɗauki hoton lambar injin yana cikin motarsa, ka adana takardar rajistar Mazdar, wato V5C.

Wani wurin da yara ke ruɗewa: DVSA daban, DVLA daban. Ta farko ita ke duba motar ta ba ka takardar shaidar ta wuce. Ta biyu, wadda ke Swansea, ita ke ba da lamba, kuma ita da rasit take magana. In komai sabo ne, ko abu ɗaya ne kawai aka sabunta shi ya koma kamar sabo, kana iya samun lambar bana. Kai da shasinka sabo ne, in ka nuna manyan sassa biyu daga Mazdar suka fito, za ka iya samun lamba mai shekarun ita Mazdar. In ka kasa nuna asalin kayan, lamba mai farawa da Q za a ba ka, kuma ranar da za ka sayar da motar za ka ji a jikinka. Ni dai ban ga aibun Q ba in don hawa ka gina ta, amma masu saye ba ra'ayina suke bi ba.

Don haka ka samu jaka guda ka riƙa zuba kowane rasit, ko na washar noti ne. Ka riƙa ɗaukar hoto a kowane mataki, kai ma kana ciki, domin za ka sa hannu cewa kai ka gina ta da kanka don amfanin kanka, kuma ana son ganin shaida.

Kamfanin da ya sayar maka da shasin da ƙungiyar masu irin motar suna da amfani, sun san inda irinta ta saba faɗuwa. Ka saurare su, sannan ka buɗe littafin ka gani da idonka. Inda rubutun ya shige maka duhu, ka rubuta wa DVSA kai tsaye, ka ajiye amsar cikin jakar nan.

Ranar Asabar ka zo gareji da sassafe da littafin a hannunka. Ina da ƙwallayen nan biyu da na yanka da katako, za mu bi shasin da su kafin ka ɗora bodi.