Hotonmu ba ya gyaruwa duk da muna nuna wa juna, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu goma sha biyu ne a Zariya muke koyon ɗaukar hoto, huɗu da kyamara, sauran da waya. Duk Asabar muna haɗuwa mu nuna wa juna abin da muka ɗauka, amma ba ma ƙaruwa. Ko dai a ce "Masha Allah, ya yi kyau", ko a ce "bai fita ba", mai hoto ya tashi ransa a ɓace. Makon jiya na kawo hoton kawuna sanye da farar babbar riga bayan an sauko daga Juma'a, fuskarsa ta yi duhu, kowa ya ce laifin kyamarar ne. Yaya ake duba hoto a faɗi abin da zai amfani mai shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kyamararka lafiyarta lau, kuma hoton kawun naka ya isa darasin zama guda, don haka da shi za mu fara.

Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara bai san riga ba, bai san fuska ba. An gina shi ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa, in aka cakuɗa, launin toka ne matsakaici, mai mayar da kusan kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Da farar shadda ta cinye rabin hoton, sai kyamarar ta ga haske ya yi yawa, ta rage shi har farin ya koma toka-toka. Fuskar da dama ta fi rigar duhu sai ta ƙara nutsewa. Ga kuma lokacin: wajen ƙarfe biyu rana tana bisa kai, inuwar gira ta rufe idanu, ta hanci ta sauka kan leɓe.

Gyaran farko yana kan maɓallin da aka yi wa alamar +/-. Ka ƙara zuwa +0.7 ko +1. A waya kuwa, ka taɓa fuskar a kan allo, ka ja alamar rana sama kaɗan. Sai dai a tsakiyar rana wannan kaɗai ba ya isa: fuska za ta fito, riga ta ƙone fari fat, aikin aska takwas da ke ƙirji ya ɓace, kuma abin da ya ƙone babu manhajar da za ta dawo da shi. Maganin na gaskiya shi ne a sauya wuri. Ka tsayar da shi a bakin zaure, taku ɗaya daga ciki, yana fuskantar waje. Hasken da ke tashi daga ƙasa zai shiga idanunsa a tausashe. In bai isa ba, wani ya riƙe farin kwali daidai ƙirjinsa, nisan kamar mita ɗaya. A guji gindin darbejiya in ganyen bai rufe sosai ba, domin yana watsa ɗigon rana a fuska da riga.

To ka duba yadda bayanin nan ya zo: an faɗi abin da ake gani, an faɗi dalilinsa, an faɗi abin da za a gwada. Sharhin da ya rasa ɗaya daga cikin ukun nan bai kai gyara ba. "Bai fita ba" ba ta koya wa kowa komai. Amma in aka ce "idonsa na hagu ya shiga inuwa saboda rana tana sama, gwada shi da la'asar sakaliya", mai hoto ya samu abin yi, kuma ba shi da dalilin fushi, tunda a kan hoton aka yi magana.

Inda 'yan koyo suka fi yi wa juna gurguwar fatawa shi ne hoto mai dishi-dishi. Kowa sai ya ce hannu ne ya girgiza, alhali cutar iri-iri ce, kowace da maganinta. A buɗe hoton a girmansa na ainihi, a duba gefen abubuwa. In komai ya ja zuwa ɓangare ɗaya, har da bango da ƙasa, to hannu ne. Tsohuwar ƙa'idar ita ce saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza tsawon gilashin kyamarar, wato lambar milimita da ke rubuce a jikinsa: mai milimita 50 yana son aƙalla 1/50 na daƙiƙa, mai 200 yana son 1/200, kuma a ƙananan kyamarori gara a ninka saurin. In bango ya tsaya cak, mutum ne kawai ya ja, to shi ne ya motsa. Mai tafiya yana buƙatar wajen 1/250, dokin da ke sukuwa ranar hawan Sallah kuwa 1/1000 ko fiye, ko da za a ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 800. In kuma babu ja ko kaɗan, bangon baya ya fito tar, fuska ta yi laushi, saiti ne ya kuskure, wato wurin da kyamara ta kafa idonta don ya fito tar. Wannan ya fi samun masu buɗe ƙofar haske har f/1.8, inda a kusa abin da ke fita tsaf bai wuce 'yan santimita ba. A ɗora saiti kan idon da ya fi kusa da kyamara, in kuma jama'a ne sahu biyu a rage buɗewar ƙofar zuwa f/5.6 ko f/8. Ga masu waya akwai ta huɗu: maiƙon yatsa a kan gilashi, wanda ke sa fitilu su yi hazo. Da hunturu a fara hure ƙurar kafin a goge, in ba haka ba yashin zai karce gilashin.

Duk wannan binciken ba ya yiwuwa sai da lambobi. Kowane hoto yana ɗauke da bayanan yadda aka ɗauke shi, ana ganinsu a wurin bayanin fayil. Ku mayar da shi doka: mai hoto ya karanto su kafin kowa ya buɗe baki. Wanda ya ji 1/30, f/4, ISO 100 a hoton yaro yana gudu ya riga ya san amsar. Ku lura kuma, in aka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, ana matse shi, bayanan nan su goge. A tura ta maɓallin Document, sai ya isa yadda yake.

Shi kansa zaman yana son tsari kaɗan. Kowa ya kawo hoto biyu, ba talatin ba. Minti huɗu ga kowane hoto, ku goma sha biyu, kun gama cikin awa ɗaya da rabi da 'yan kai. A duba su duka a allo ɗaya, a cikin inuwa, domin hasken wayoyi ya bambanta, abin da ya yi duhu a taka yana iya fita daidai a ta wani. Mai hoto ya faɗi abin da ya so nunawa a jimla ɗaya, sannan ya yi shiru har a gama. Wannan jimlar tana da muhimmanci ƙwarai: wanda da gangan ya mayar da mai kwale-kwale baƙar inuwa a gaban faɗuwar rana bai yi kuskure ba, kuma gaya masa ya ƙara haske ɓata masa aiki ne. A raba aibi da ra'ayi. Turken lantarki da ya tsiro a kan mutum aibi ne, haka yanke ƙafa daidai idon sawu, haka gini da ya karkace. Son hoto baƙi da fari ko mai launi kuwa ra'ayi ne, mai faɗa ya ce ra'ayinsa ne. Gyara biyu sun ishi hoto ɗaya, a fara da wanda ya fi girma. Yabo ma a faɗi wurinsa: "yadda ka bar fili a gaban dokin ya sa ana jin gudunsa" ya fi "ya yi kyau" sau goma, domin ya san abin da zai maimaita.

Abu ɗaya da bai kamata ku yi wa juna kara a kansa ba shi ne wanke fata wajen gyara. A ja haske har baƙin mutum ya koma fari, a shafe fuska ta zama kamar roba, wannan ɓata kamanni ne, kuma yawanci ɓoye kuskuren haske ake yi da shi. Haka hoton mutum da aka ɗauka bai sani ba, musamman mata da yara: a tambayi mai shi ko ya nemi izini kafin a shiga maganar kyau.

Kafin Asabar mai zuwa, ka roƙi kawu ya sake sa rigar. Ka ɗauke shi sau uku a bakin zaure, ɗaya a 0, ɗaya a +0.7, ɗaya a +1.3, ba tare da ka gusa daga inda kake ba. Ka jera su kusa da na ranar Juma'ar, ka sa abokanka su nuna wanda fuska ta fito kuma zaren aikin rigar bai ɓace ba.