Tambaya da Amsa: Na sauke modul, amma Python ya ce bai gan shi ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Samaru, ina rubuta aikin kammala karatuna da Python a manhajar VS Code, a kan Windows. Na sauke modul ɗin pandas ta hanyar pip, manhajar da ake sauke modul da ita, allo ya nuna ya sauka, amma da zarar na kunna shirin sai ya tsaya da saƙon ModuleNotFoundError. Sau biyu ina goge Python ina sake saukewa har datata ta ƙare. Haka kuma fayil ɗin da na rubuta da hannuna, lissafi.py, yana cikin folda mai suna kayan_aiki, amma idan na kira shi daga gwada.py da ke foldar gwaji ba ya samuwa. Wani abokin karatuna ya ce in sa PYTHONPATH a Windows, na sa, babu abin da ya canza. Daga mai karatunku, Samaru, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah Ya ba da sa'ar aiki. Da farko ina roƙonki kada ki sake goge Python, domin ba a nan gizo yake saƙa ba, kuma kuɗin data ba abin wasa ba ne ga ɗalibi. Saƙo ɗaya kike gani, amma matsaloli uku ne suka haɗu a wasiƙarki, kowacce da sanadinta.

Abin da ya kamata ki riƙe shi ne VS Code ba ita ce take gudanar da shirinki ba. Aikinta ta ba ki wurin rubutu, sannan ta miƙa abin da kika rubuta ga tafintan Python da ke cikin kwamfutar. Kwamfuta ɗaya tana iya ɗauke da tafintoci da yawa: wanda kika sauke daga shafin Python, wanda ya zo tare da Anaconda, wanda ya shigo ta Microsoft Store, kuma kowanne yana da rumbunsa, wato foldar site-packages, inda yake ajiye modul, waɗancan shiryayyun fayilolin Python da shirinki yake ɗaukowa ya yi aiki da su. Kamar ki sayo buhun masara a kasuwar Sabon Gari a sauke shi a gidan yayarki a Tudun Wada, sannan ki aiki yaro ya ɗauko shi a gidan ƙanenki a Gyallesu. Yaron bai yi ƙarya ba idan ya dawo ya ce babu. Tun da kin sake saukewa sau biyu, zai yiwu ma kin ƙara yawan gidajen.

Saboda haka ki tambayi Python da kansa. Ki buɗe sabon fayil ki rubuta layi uku: import sys, sai print(sys.executable), sai print(sys.path). Ki kunna shi kamar yadda kike kunna aikinki. Layin farko da zai fito shi ne cikakken adireshin tafintan da yake aiki. Daga nan ki je tamina, wato baƙin allon umarni da ke ƙasa, ki rubuta pip --version, za ki ga adireshin foldar da wannan pip ɗin yake zaune. Idan adireshin biyu ba gida ɗaya suke nunawa ba, kin kama ɓarawon. Gyaran shi ne ki danna Ctrl+Shift+P, ki nemo Python: Select Interpreter, ki zaɓi tafinta ɗaya, ki rufe tsohuwar tamina ki buɗe sabuwa. Daga yau kuma ki daina rubuta pip shi kaɗai, ki riƙa rubuta python -m pip install pandas, domin ta haka Python ɗin da tamina ta kira shi ne zai karɓi kayan. Abin da na fi so wa kowane ɗalibi shi ne ya yi wa aikinsa keɓaɓɓen muhalli, wato tafinta da rumbun modul na wannan aikin kaɗai, da umarnin python -m venv .venv, wanda yake cikin Python tun fitowar 3.3 a shekarar 2012, sannan ya zaɓe shi a matsayin tafinta, ya sauke kayan aikin a cikinsa.

Maganar lissafi.py ta fi bukatar natsuwa. Jerin da print(sys.path) ya fitar shi ne wuraren da Python yake leƙawa, ɗaya bayan ɗaya, duk lokacin da ya ci karo da import, wato umarnin ɗauko modul. Na farko a jerin shi ne foldar da fayil ɗin da kika kunna yake ciki, sai wuraren da PYTHONPATH ya ambata, sai modul ɗin da suka zo da Python, sai site-packages. Ki lura da na farkon da kyau. Idan kika kunna gwada.py, foldar gwaji ce take shiga jerin, ba uwar foldar aikin da kika buɗe a edita ba. Ke kina ganin kayan_aiki da gwaji gefe da gefe a hagun allo, amma Python yana tsaye a cikin ɗakin gwaji, ba ya kuma fita tsakar gida ya leƙa ɗakin maƙwabta. Ki tsaya a uwar folda a tamina ki rubuta python -m gwaji.gwada, da ɗigo a tsakani, ba tare da .py ba. Idan aka kira shi da -m, foldar da kike tsaye a ciki ce take zama ta farko a jerin, sai layin from kayan_aiki import lissafi ya yi aiki.

Wannan tsarin jerin ne kuma ya sa bai kamata ki raɗa wa fayil ɗinki suna random.py ko pandas.py ba, domin naki zai tare gaba ya rufe na ainihin.

Abokin karatunki bai yi kuskure ba, sai dai bai ƙarasa miki bayanin ba. PYTHONPATH ɗaya ne daga cikin bayanan muhalli, wato saitocin da Windows yake miƙa wa manhajoji, kuma kowace manhaja tana karɓar kwafin waɗannan bayanan ne a daidai lokacin da aka buɗe ta. Idan VS Code tana buɗe lokacin da kika yi canjin a Windows, tsohon kwafi take riƙe da shi, shi kuma take gadar wa duk taminar da ta buɗe. Dole ki rufe dukkan tagoginta, ba guda ɗaya ba, sannan ki sake buɗewa. Domin tabbatarwa, ki rubuta echo $env:PYTHONPATH a tamina ta PowerShell. Idan adireshin ya wuce ɗaya, a Windows da alamar ; ake raba su, a Linux da macOS kuwa da alamar : ake yi, kuma adireshin uwar folda ake sawa, ba na kayan_aiki ba.

Duk da haka ban ba ki shawarar dogaro da shi ba. Saiti ne da yake zaune a kwamfutarki kaɗai, ranar da kika kwafi aikin a filashi kika kai wa malamin da yake duba ki, ba zai bi ki ba, kuma babu ɗalibin da yake son ganin jan rubutu a gaban masu jarrabawa. Idan kina amfani da mai binciken kurakurai da ake kunnawa da maɓallin F5, ki sa PYTHONPATH a fayil .env a uwar folda, wanda ƙarin Python na VS Code yake karantawa, ko a sashen env na launch.json, domin waɗannan suna tafiya tare da aikin.

Akwai saitin python.analysis.extraPaths da ake yawan ba ɗalibai. Wannan na Pylance ne, wani ƙarin VS Code mai ja wa import layin gargaɗi a edita. Zai share layin, amma ba ya taɓa sys.path ko kaɗan, don haka shirin zai ci gaba da tsayawa.

Idan komai ya daidaita, ki rubuta python -m pip freeze > requirements.txt ki ajiye fayil ɗin tare da aikin, yadda za a iya sauke kayan a wata kwamfutar da umarni ɗaya. Idan kuwa saƙon bai gushe ba, ki aiko mana da abin da sys.executable da sys.path suka fitar, tare da layin ƙarshe na saƙon harafi da harafi, za mu duba shi a fitowa ta gaba in sha Allahu.