Amsa: Gyaran gatarin kaka da ya yi tsatsa

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka farfaɗo da gatari da hauyar kakanku. Don Allah kada ka kai su injin gurza ƙarfe, zafinsa yana sa kaifi ya yi laushi.

Cire ƙotar, ka jiƙa ƙarfen cikin ruwan tsamiya mai kauri ya kwana. Da safe ka dirje shi da toka da rairayi, ka shanya nan take, in ba haka ba tsatsar ta dawo kafin azahar. Sai ka shafa man gujiya kaɗan.

In gara ta ci ƙotar, nemi icen marke. Maƙeran Maraɗi sun iya: su gasa wutsiyar ƙarfen ta yi ja, su soka cikin ƙotar ta zauna daram.